Tukwane Huɗu Daga Ɗa'if

Talata, da hantsi. Kwana shida.

Raudatu ce ta ba ni wannan littafin, wai in riƙa rubuta abin da 'yarta Sundus ta ci da lokacin da ta ci, saboda likita. Ita tana wurin aikinta na jinya tun safe, ni ce a gida. Na ce mata, ni da aji huɗu na yi a Kano kafin a kawo ni Madina, yau ni ce sakatariya? Ta ce Inna ki dai rubuta. To ga shi ina rubutawa, kuma tun da takardar ta yi yawa, duk abin da ya zo bakina ma zan zuba.

Dabino biyu. Shayi rabin finjali.

Sundus ba ta yi magana ba. Tun ranar da aka kawo ta gidana nan Ƙuba ba ta ce uffan ba. Yarinyar da in ta fara surutu sai na ce ta bar wa ladan lasifikarsa. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, haka muke tun tana rarrafe. Yanzu ko ɗaya babu.

Na yi mata wankan safe da ganyen darbejiya, yadda aka yi mini, yadda na yi wa uwarta. Arba'in sai ta cika ko yaya abin ya zo. Jiki bai san labari ba, nasa haƙƙin yake nema.

Tana numfashi a ɗakina. Alhamdulillahi.

Laraba, bayan azahar.

Wayarta ta yi ta kuka a kan firji, na ɗauka. Wani ne wai shi Sagiru, mutumin Maraɗi, yana aiki a mashtal inda ake sayar da shuke-shuke. Ya ce tun da zafi Sundus ta je ta ce a samo mata wani fure daga Ɗa'if, za ta shuka guda goma sha biyu a kwamin da ta sa aka gina ƙarƙashin dabinon gidana, kuma ta ce kakarta ce za ta zaɓi iri.

Na tuna. Ta nuna mini hotuna a waya, tana zaune ta miƙe ƙafafu saboda kumburi. Na ce mata ni furen da ba a miya da shi ban san amfaninsa ba. Ta yi dariya har ta riƙe... to.

Na ce masa ba ta jin daɗi. Ya ce, "Allah shi ba ta lafiya. An samu ƙaruwa ne, Hajiya?" Na ce gobe ka kawo tukwanen.

Dabino ɗaya. Ruwa.

Alhamis, bayan la'asar. Kwana takwas.

Sagiru ya zo, dattijo ne mai furfura a gemu, ƙasa duk a farcensa. Ya jera tukwane huɗu a tsakar gida. Babu fure ko ɗaya, ganye ne kawai mai gashi-gashi kamar na karas da ya ƙoshi, kowanne da hoto a soke a gefe.

Na ce, "Malam Sagiru, wato amarya zan zaɓa a hoto?"

Ya ce, "Haka an ka aiko su, Hajiya. Jiyum sunanshi a takarda. Larabawa na ce mishi hashishatul mubarak. Furen ƙasar sanyi ne."

Ya ce wai kowane iri da sunan wata Baturiya a kansa. Ya gwada karantawa, harshe ya ƙi. Na ce bar shi, a gidana ni ke raɗa suna. Ja ɗin mai leɓe biyu na sa mata Lami, saboda maƙwabciyata Lami ko ta'aziyya za ta je sai ta sa jan baki. Mai ruwan ɗorawa, doguwa, a miƙe kamar an ba ta oda, ita ce Raudatu. Mai ruwan lemo na ce Amarya. Ta huɗun hotonta ma abin tausayi, fure ɗan mitsitsi kamar na ciyawar bakin rariya. Sagiru ya ce ba a ce a kawo ta ba, mai gonar ne ya ƙara. Na ce to sunanta 'Yar Rakiya.

Shekara arba'in da biyar ina haɗa turaren wuta, har sunana na yanka ya ɓace, kowa Maiturare. Kuma duk mai wannan sana'a ta san ba a tambayar tsiro a sama, a ƙasa ake tambayarsa. Kajiji wa ya taɓa yabon ganyensa? Sai na kama Lami na tumɓuke ta daga tukunya na kai saiwar hanci. Mutumin nan ya yi salati kamar na mari liman.

"Hajiya! Mi kika yi haka?"

"Gaisawa muke yi."

Lami ba ƙamshi, ƙasa kawai. Raudatu ma haka. Amarya ɗan kaɗan. Da na karce saiwar 'Yar Rakiya da farce, wallahi kanumfari! Sak kanumfari, har da ɗan ɗaci a baya. Na zauna a kan turmi ina shinshina ina tasbihi. Dubi inda Allah ya ɓoye abu.

Sagiru ya mayar da su yana ta lallaɓa ƙasar da yatsa. Ya ce motar Ɗa'if ta ƙarshe a bana Alhamis ta sama ta sama ta sama ce, mako uku ke nan, kafin nan in faɗa masa wadda za a kawo. Ya faɗi wasu abubuwa game da ruwa da inda za a ajiye, ni hankalina na kan yatsana.

Tagar ɗakin a buɗe take, labule a sake. Na ɗaga murya yadda Sundus za ta ji. Ba motsi.

Kunu cokali huɗu. Na ƙirga.

Juma'a, bayan sauka daga masallaci.

Hamid mijinta kullum yana zuwa. Yana ajiye mota ƙarƙashin inuwar katangar gonar dabino da ke kallon ƙofarmu, ya kashe, ya zauna. Sau ɗaya ya shiga, ta juya wa bango fuska, bai sake ba. Na kai masa shayi da na'ana na ce, "Angona, in gadi kake yi mana ka faɗa a ɗinka maka kaki." Ya ɗan murmusa. Ya rame. Yaron nan tun Alhamis ɗin da shi da maza suka fita da jaririyar da sassafe zuwa maƙabarta, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, kullum kamar yana neman inda zai ajiye shi.

Ya ce, "Sitti, ta ci?" Sitti, wato kaka, haka suke kira na. Na ce ta ci. Ban faɗa masa nawa ba.

Allah ya ba ta miji. Wannan ma abin godiya ne.

Asabar, da hantsi.

Na taka zuwa masallacin Ƙuba na yi raka'a biyu na dawo. Na roƙi abu ɗaya, sau da yawa.

Lahadi, da yamma.

Rabin tamis, gurasar garin nan. Ta bar sauran.

Talata, bayan wankan safe. Kwana goma sha uku.

Ina zuba mata ruwa ina ba ta labari, don shiru a banɗaki ya fi ko'ina nauyi. Na ba ta na zuwana ƙasar nan, yadda na cusa kayan turarena, kajiji da farce da hawi, cikin matashin kai, ma'aikacin filin jirgi a Jidda ya farke ya cusa hanci, ya yi atishawa goma sha ɗaya a jere har igal ɗinsa, wato igiyar rawaninsa, ya faɗo, kakanta marigayi yana gefe yana rantsuwa bai taɓa ganina ba. Da atishawa uku ce. Kowace shekara ina ƙara ɗaya, kuma kullum ita ke kama ni, ta ce kazzaba ya Sitti, wato maƙaryaciya, bara goma kika ce. Yau na ce goma sha biyar da gangan. Na jira. Ruwa kawai ke sauka.

Rigarta ta jiƙe a gaba kuma. Na canza mata. Na ɗaure mata da zane yadda ake yi.

Kafin Raudatu akwai wani. Ban taɓa rubuta wannan ba, yau ma ba zan rubuta ba.

Dabino uku.

Laraba, bayan azahar.

Lami ta shigo da jan bakinta da kwanon farfesu. Farfesun ya yi, bakin ne bai yi ba. A ƙofar ɗaki ta tsaya tana cewa ai yarinya ce, baɗi war haka an manta. Na ja ta waje na nuna mata takwararta a tukunya, na ce kin ga, kyau a sama, ƙasa ba komai. Ta ce ni ce dai ban da kunya tun muna unguwar Anbariyya. Mun yi dariya. Da ta tafi na zauna na yi kukana a madafa, na wanke fuska. Tana nufin alheri, kuma ta yanka kazarta. Allah ya saka mata.

Farfesu bai shiga ba.

Alhamis, bayan magariba. Kwana goma sha biyar.

Mun kai ta wurin Dakta Lubna, ni da Raudatu. An ɗora ta a ma'auni. Likitar ta yi magana da ita a hankali, ta daɗe, ta ba da magani, ta karanta littafin nan nawa, wato shafukan da na bari ta gani. Sannan ta ce mana a waje, in nan da mako biyu cin abincin bai ƙaru ba, dole a kwantar da ita a sa mata ruwa. A can ɗin dai. Benen masu haihuwa da ta fito.

Sundus ta ji. Na ga yadda ta damƙe abayarta.

A mota Raudatu ta ce ruwan wankana ya cika zafi, na ce ita da wane ruwa aka yi mata da ta tsaya garau haka, ta ce zamani ya canza, na ce jikin mace bai canza ba. Muka yi ta yi, mai maganar tana tsakiyarmu kamar jaka. Daga baya Raudatu ta kawo mini wani ɗan ƙarfe na auna zafi. Na karɓa. 'Yata ce, kuma ita ma ba ta barci.

Ba za ta koma benen nan ba in ina da rai. Ban san yadda zan yi ba.

Asabar, da azahar.

Tukwanen sun yi mini wani iri, ganye ya kwanta. Na ce inuwa ce ta yi musu yawa, mu a gida shuka rana take so, wa ya taɓa ganin gero a ƙarƙashin gado? Na kwashe su na jera a tsakiyar gida inda nake shanya barkono.

Yogot rabin kofi.

Lahadi, bayan asuba.

Wani ya taɓa mini tukwane. Na fito alwala na same su a jere ƙarƙashin dabino, a inuwa, ƙasarsu a jiƙe. Na tambayi Raudatu, ta ce ita ina ta ga lokacin fure. Gidan mu uku ne.

Na mayar da su rana.

Litinin, bayan asuba.

Suna inuwa.

Litinin ɗin dai, da hantsi.

Na kira Sagiru a ɓoye daga bayan gida. Ya ce, "Hajiya, ai na gaya miki! Inuwa, inuwa! Ranar Madina kashe su za ta yi, ko da sanyin ga." To ashe ni ce mai laifi. Lami ta riga ta ƙone a gefe ɗaya. Na ce masa na gode, kuma in na kira shi ina faɗin shirme kada ya gyara mini. Ya ce bai gane ba. Na ce ba sai ka gane ba.

Na tsaya na dubi sawun da ke bakin kwamin. Silifas ɗina ne, amma taku ba nawa ba, ni ina jan ƙafar hagu. Tukunya huɗu, zuwa huɗu, daga tsakar gida zuwa dabino taku goma sha biyu ne. Yarinyar da banɗaki sai na riƙe ta.

Ya Rabbi na gode. Ya Rabbi na gode.

Na mayar da su rana, ina waƙa.

Laraba, da hantsi. Kwana ashirin da ɗaya.

Kullum ina fitarwa, kullum ana mayarwa. Ba na barinsu su wuce awa biyu yanzu, in ta shiga wanka ko barci ya ɗauke ta sai in ja su gefe, kafin ta farka in mayar tsakiya. Bayana ya gaya mini. Tsohuwa da wasan ɓuya da tukwane.

Ɗaukar kaya na sa yunwa. Tamis guda, da ful, wato wake, cokali biyar. Na sa a gabanta na fita kamar ban damu ba, na leƙa ta ramin makulli kamar ɓarauniya.

Juma'a, da yamma.

Yau ba a mayar ba. Ba ta tashi ba sam. Wani gida a layinmu sun yi suna, ana ta guɗa tun safe, ƙamshin nama har cikin ɗaki. Na rufe tagogi na kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, duk da sanyi, don ƙararsa.

Ni na mayar da su inuwa da kaina.

Ba komai yau. Ruwa.

Asabar.

Ruwa. Dabino ɗaya.

Lahadi, bayan azahar. Kwana ashirin da biyar.

Saura kwana huɗu ga likita, saura kwana huɗu ga motar Ɗa'if, duk Alhamis ɗaya. Raudatu ta fara haɗa jaka a ɓoye, na gan ta.

Na zauna na yi tunani. Rana ta daina aiki, sai a canza dabara. Na yanko ɗan reshen saiwar 'Yar Rakiya, kaɗan, na shanya, na daka da sandal da ɗan miski, na zuba a kasko na kai mata ɗaki bayan wanka. Na ce, "Kin ji? Furenki ne. Wanda kika sa aka kawo daga Ɗa'if. Ashe turare kika yi mini oda ban sani ba, Allah ya yi miki albarka. Na zaɓa. Sha biyu na wannan mummunar za a kawo, in sun yi wata guda in tumɓuke su duka in daka. Sauran ukun kuma gobe zan duba tasu saiwar da kyau, da wuƙa."

Ta juyo. Karo na farko cikin kwana ashirin da biyar ta dube ni a ido, kuma kallon ba na ƙauna ba ne. Irin kallon da take mini tana 'yar shekara bakwai in na cinye mata alewa na ce ɓera ne.

Na ɗauki kaskon na fita. Allah ka yafe mini in na wuce gona da iri. Ban san wani magani ba, tsokana kaɗai na iya.

Ta sha kunu kofi guda. Ina jin don haushi ta sha.

Litinin, bayan asuba.

Amarya ta ɓace. Uku ne ƙarƙashin dabino. Na duba ko'ina kamar gaske, ina cewa ɓarayin Ƙuba sun lalace, fure ma ba su bari ba. Tana bayan labule a ɗakin, a kan taga, na ga gindin tukunyar.

Ban gani ba.

Talata, da yamma.

Na faɗa wa Hamid ranar Alhamis ya zo da wuri, kuma ya sa farar riga mai guga, ya aske wannan gemun na masu zaman kurkuku. Ya ce lesh, don me, ya Sitti? Na ce aure zan ɗaura maka da ni, tun da matarka ta ƙi ka.

Shinkafa da miya, rabin faranti. Ƙwai ɗaya.

Alhamis, bayan azahar. Kwana ashirin da tara.

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Sagiru ya zo ƙarfe tara da takardarsa da biro a kunne. Ganin likita ƙarfe goma sha ɗaya ne, Raudatu ta ɗauki hutu, jakar na bayan ƙofa. Na sa masa kujera daidai ƙarƙashin taga. Na ce da ƙarfi, "Rubuta, Malam. 'Yar Rakiya, goma sha biyu."

Ya ce, "Hajiya, wagga ciyawa ce fa. A ƙasarsu cire ta a kai a yar."

"Rubuta. Kuma ka zo mini da magirbi."

Ya dube ni, ya dubi taga, ina jin a lokacin ya gane. Ya ce da murya irin ta masu shela, "To, sha biyu, na daka!" Ya sa biro a takarda. Na ƙirga a zuciyata har ashirin. Ba komai. Raudatu ta duba agogo. Na ce shi ke nan, Maiturare, kin yi iyakarki.

Sai ƙofa ta yi ƙara.

Ta fito da hijabin sallata a karkace, ba takalmi, tukunyar Amarya a rungume a ƙirji da hannu biyu. Rana ta sa ta runtse ido. Muryar ta fito a dishe kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Haram alaiki ya Sitti."

Na ce, "Na'am? Kunnena ya tsufa."

Sai ta yi Hausa. Hausarta mai ɗingishi, wadda ba ta yi sai ta ƙure. "Ke muguwa ce. Kin ƙona ja. Kin yanka wancan. Ba turare ba ne, fure ne. Ni na ce ki zaɓi launi, ban ce ki kashe ba."

"To ai na zaɓa."

"Ba ki iya ba!"

Raudatu ta toshe baki da mayafi ta shige madafa. Ni kuwa na riƙe fuska, Allah ne ya riƙe mini. Na ce to malama, tun da ke kika iya, ga mai biro nan.

Ta ce wa Sagiru wannan, mai ruwan lemo. Ta ce, "Irin launin..." ta tsaya. Mun san launin. Ni na ninke kayan jaririn da hannuna na kai su saman bene ranar da aka kawo ta.

Sagiru mutumin kirki ne, ba ya sayar da ƙarya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗiyata, sai na gaya miki gaskiya kamar yadda na gaya miki da farko. Furen ga ba na garin nan ba ne. Zai yi sanyin ga, in Allah ya so ki ga fure. Zafi na shigowa zai tafi, ko mi kika yi mishi."

Ta ce, "Na sani."

Ya ce akwai wasu masu jure zafi, in tana so ya kawo.

Ta ce, "La. Shi nake so. Ko kwana nawa ya yi, nawa ne."

Kurciya na ta kuka a kan dabino. Sai ta dubi ƙofar gida da na bari a buɗe da gangan, ga mota can, ga mutum cikin farar riga ya fito ya tsaya riƙe da murfin mota. Ta ce, "Shi kuma me yake yi a rana?" Na ce oho, ina jin shi ma sai an ɗauke shi an kai inuwa.

Ba ta yi dariya ba. Amma ta ce a ce masa ya shigo.

Mun je wurin likita a makare. Ma'auni bai hau sosai ba, amma bai sauka ba, kuma da aka tambaye ta, ita ta amsa. Dakta Lubna ta ce a dawo bayan mako biyu. Jakar ta dawo gida tare da mu.

Me ta ci? Na manta ban duba ba. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Asabar, da yamma.

Ba kullum ba ne. Jiya ta yi magana uku, yau ɗaya. Ta yi kuka mai sauti bayan la'asar, Hamid na ciki, na ja ƙofa na tafi gidan Lami na sha shayi har kofi uku.

Lahadi, bayan la'asar. Kwana talatin da biyu.

An kawo su. Hamid ya yi haƙa, ya ɓata farar rigarsa, bai iya riƙe magirbi ba ko kaɗan, ɗan ofis. Ita tana kan kujera da bargo tana ba da oda da Larabci, dama, hagu, ba nan ba. Ni an hana ni matsowa. An ja mini layi da ƙafa a ƙasa.

Na ƙirga daga nesa, sha ɗaya ne masu ruwan lemo. Na ce Sagiru ya cuce mu. Ta ce ita ta kira shi ta canza. Ta sha biyun 'Yar Rakiya ce, an dasa ta can ƙarshe kusa da rariya. Ta ce wannan tawa ce, in zafi ya zo ya kashe ta in tono abina, amma in ta ga farcena a ƙasar kafin nan za ta kai ƙarata wurin Raudatu.

Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Lahadi, bayan magariba. Kwana talatin da tara.

Gobe wanka na ƙarshe. Na jiƙa lalle, na haɗa mata turare na fita.

Ɗazu ina tsefe mata kai a tsakar gida, tana zaune tsakanin gwiwoyina, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, gobe bayan la'asar tana so ta je maƙabartar Baƙi'a. Ta san mata ba sa shiga, bakin katanga kawai za ta tsaya, wurin ƙarafunan da ake hangowa. Hamid ya san wajen, zai nuna mata da hannu. Ta ce sunan da suka sa wa jaririyar Afnan. Tun da abin ya faru yau ne aka fara faɗin sunan a gidan nan. Na maimaita shi, don ta ji a bakin wani.

Ta ce, "Za ki zo, Sitti?"

Na ce daga inda mota ke tsayawa zuwa katangar akwai tafiya, ga cunkoson masu ziyara, ni kuma ƙafar hagun nan ta gama yawo a kan tukwanen wasu.

Ta ce, "Zan riƙe ki."